Taswirorin da Aka Taɓa da Safe

An haifi Tsanaki ranar Asabar, goma sha bakwai ga watan Yuni na shekarar 1961, a ɗakin ƙurya na wani gidan haya da ke bayan tashar mota. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa tana ɗinki a zaure. Laƙabin nan ya same shi tun yana aji uku, domin ba ya miƙa littafin aikinsa sai ya karanta abin da ya rubuta sau biyu, yana bin kowane layi da yatsa, ko da an buga ƙararrawar tashi. Malamin ajin ne ya fara kiransa haka cikin gatse, 'yan aji suka ɗauka, har ta kai mahaifiyarsa ma ta bi sahu.

Da ya gama sakandare ya koyi buga tafireta. Yana da shekara ashirin da biyu wani abokin mahaifinsa, wanda yakan kawo agogonsa gyara, ya kama hannunsa ya kai shi inda yake aiki. Ofishin masu auna filaye ne, ɗakuna uku a saman bene, ƙasan kuwa shagon fenti, saboda haka duk takardar da ta fito daga wurin tana ɗauke da ɗan warin fenti. Mutumin shi ne mai zana taswirorin kamfanin, kuma kowa a wurin Baba Mai Zane yake ce masa. Dogo ne, mai faɗa, mai tsabtar hannu. Shi ya koya wa Tsanaki yadda ake naɗe taswira ba tare da an karya ta a kan layin iyaka ba, kuma shi ya taɓa dukan bayan hannunsa da rula saboda ya lashi yatsa kafin ya juya takarda. Bayan shekara biyar ya ba shi autarsa aure. Ta haka mutum ɗaya ya zama masa ubangida a wurin aiki, suruki a gida. Tsanaki bai taɓa zama a kujera ba matuƙar Baba yana tsaye, kuma matar tasa Auta yake kiranta, kamar yadda ubanta yake yi.

Lokacin da kwamfuta ta shigo ofishin, babu wanda ya so ta. Tsanaki ne ya ɗauki littattafan da suka zo cikin kwalin ya karanta su daga bango zuwa bango, kamar yadda yake karanta komai. Sannu a hankali aikin na'urorin ya koma hannunsa. Ya koya wa Baba yin zane a kan allo, tsohon kuma ya iya, har yana cewa ita dai ba ta zubar da tawada. Aka ɗauki hoton tsofaffin taswirori ɗaya bayan ɗaya aka shigar. Da mai kamfanin na farko ya rasu, ɗansa ya gaje shi, wanda ma'aikata ke kira Yallaɓai ko a bayan idonsa. Abu na farko da Yallaɓai ya yi shi ne ya sa aka kwashe taswirorin takarda aka ƙona, domin yana son ɗakin ya zama wurin saukar baƙi. Tsanaki ya ce a bar su ko a cikin buhu ne. Yallaɓai ya tambaye shi ko bai yarda da aikin hannunsa ba ne, sai Tsanaki ya bari aka ƙona su.

Ya yarda da shi kuwa, musamman ajiyar ko-ta-kwana, wadda ita ce abin alfaharinsa a duk aikin. Kowace yamma da ƙarfe biyar, na'ura takan buɗe sabuwar jaka mai kwanan watan ranar a kan wani faifai dabam, wanda ke cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin teburinsa. Wanda ya buɗe jakar Talata zai ga fayilolin ofis gaba ɗaya kamar yadda suke ranar Talata. Amma fayil ɗin da aka canza ne kaɗai ake kwafa sabo. Wanda ba a taɓa ba, ba a kwafarsa. Ana ƙulla shi ne da na jiya, ya zama abu ɗaya da ke bayyana a jakunkuna da yawa. Da sakatariya ta ce ita fa ba ta gane ba, sai ya ce ta ɗauka ɗaki ne guda wanda kowace rana ake fasa masa sabuwar ƙofa: ƙofofi ɗari, ɗaki ɗaya, fili bai ƙaru ba. Ta ce Allah ya sa kada ya gwada irin wannan gini a gidan haya. Na'urar tana nuna wata 'yar lamba kusa da kowane fayil, mai faɗin yawan ƙofofinsa. Da wannan dabara faifan yakan riƙe ranakun shekara uku. Idan ya kusa cika, umarnin da Tsanaki ya rubuta yakan share jaka mafi tsufa don a sami wuri.

Shekara shida abin yana tafiya babu tangarɗa. Da farko kullum yake duba faifan, daga baya mako-mako, daga baya kuma sai in ya tuna. Wannan laifinsa ne na gaskiya, kuma bai taɓa musunsa ba.

A farkon shekarar 2012 Yallaɓai ya dawo daga wani taron horar da shugabanni da sabuwar doka. Kowace Juma'a zai jera fayiloli bisa lokacin da aka taɓa su na ƙarshe, ya ga wanda ya yi aiki a makon da wanda ya yi zaman ɗumama kujera. Ya faɗi haka a gaban kowa, idonsa yana kan teburin zane. Baba Mai Zane, wanda a lokacin ya haura saba'in, bai ɗago kai ba. Juma'ar farko jerinsa ya fi na kowa tsawo, kuma haka ya ci gaba. Yallaɓai har yakan yi misali da shi, yana cewa tsoho ya kunyata masu jini a jika.

Wata Litinin a cikin watan Mayu wani lauya ya hau benen yana haki. Yana son taswirar wata gona da kamfanin ya auna shekaru goma sha takwas da suka wuce. Masu gonar da maƙwabcinsu suna gaban alƙali a kan iyakar gabas, an tumɓuke duwatsun shaida, kuma taswirar ce kaɗai ta rage. Aka buɗe ta a kan allo. Iyakar arewa tana nan, ta kudu da ta yamma suna nan, amma gabas fari fat, kamar ba a taɓa jan layi a wurin ba. Lauya ya dubi Yallaɓai, Yallaɓai ya dubi Tsanaki. Shi kuwa hankalinsa kwance, ya ce ai abu ne mai sauƙi, za a ɗauko ta bara. Ya durƙusa ya buɗe faifan ajiya. Inda ya kamata ya ga jakunkuna sun haura dubu, goma sha biyu ya gani. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, a kowace gabas fari fat.

Bayan lauya ya sauka yana faɗar abin da ba ya maimaituwa, Yallaɓai ya kira shi ɗakinsa ya rufe ƙofa. Tsanaki ya fara bayani cewa da alama na'urar tana kwafar abin da ya kamata ta ƙulla, faifan ya cika, ta yi ta share na baya. Yallaɓai ya ɗaga hannu.

"Na'ura ba ta laifi, Malam Tsanaki. Mutum ke yi. Na ba ka zuwa Juma'a da rana ka kawo mini mutumin. Ko wane ne, ranar zai sauka daga benen nan, ba zai sake hawa ba."

Ya ƙara da cewa ya riga ya yi magana da wani injiniya, zai zo Litinin ta sama ya duba komai.

Tsanaki ya koma teburinsa ya zauna, ya ɗauko littafi da fensir, ya fara kamar yadda mahaifinsa yake fara agogo, daga abin da ido ke gani. Ya duba lambar ƙofofi. Wasiƙu da ƙananan takardu kowanne yana nuna goma sha biyu, wato an ƙulla su yadda ya kamata. Taswirori kuwa, waɗanda su ne manya masu cin wuri, kowace tana nuna ɗaya. Kullum na'ura tana gina musu sabon ɗaki. Ya rubuta wannan ya ja layi a ƙarƙashi.

Ranar Talata ya zargi kansa. Ya buga umarnin a takarda ya bi shi harafi-harafi da yatsa, domin ya san idan aka kuskure hanyar da ke nuna wa na'ura jakar jiya, ba za ta sami abin ƙullawa ba, sai ta kwafi komai. Hanyar daidai take. Ya zargi faifan, ko tsarinsa ba ya karɓar ƙulli. Amma da haka ne, da wasiƙun ma ba su ƙullu ba. Ya duba ko wani ya canza izinin fayilolin ko mai mallakarsu, domin ko wannan kaɗai yakan sa na'ura ta ɗauki fayil a matsayin sabo. Babu abin da aka canza. Sakatariya ta kawo masa ruwa ta ce ya sha, kada ƙofofin nan nasa su haɗiye shi. Bai yi dariya ba, ita ma ba ta sake ba.

Ranar Laraba da safe ya zargi agogon na'urar, ya buɗe ta ya sauya ɗan batirin da ke ciki, ko da yake bai ga alamar ya mutu ba. Daga nan ya ɗauki taswira ɗaya daga jakar Litinin da ta Talata, ya sa na'ura ta gwada su ɗigo da ɗigo. Babu bambanci ko na ƙwayar gero. Ya gwada ta biyu, ya gwada ta goma. Abu ɗaya ne ake kwafa kullum. Baba Mai Zane ya wuce ta bayansa a kan hanyarsa ta wanke hannu, yana dafa bango, ya ce masa, ba tare da ya tsaya ba, ya yi hankali ya gano abin nan, domin sunan gida biyu ne a wuyansa. Tsanaki ya miƙe tsaye ya ce to, Baba.

Sai bayan ƙarfe uku ya duba abin da ya kamata ya fara dubawa. Na'urar ba ta karanta cikin fayil kafin ta yanke hukunci. Girmansa take dubawa da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, in ɗayansu ya bambanta da na jiya, sai ta kwafa. Ya jera lokutan. Taswirar gonar nan an taɓa ta Litinin ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu na safe, Talata bakwai da goma sha huɗu, Laraba bakwai da goma sha ɗaya. Ta kusa da ita, minti ɗaya bayan haka. Haka suka bi juna a jere, taswira ɗari da wani abu, daga ƙarfe bakwai zuwa kusan takwas, kowace safiya, daga na'urar da ke kan teburin zane. Ofis ƙarfe takwas ake buɗe shi. Mabuɗi biyu ne a hannun ma'aikata, ɗaya yana aljihunsa.

Ya buga jerin a takarda, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba.

Ranar Alhamis ya fito gida kafin lokacinsa, ya ce wa Auta aiki ya yi yawa. Shagon fenti bai buɗe ba. Ya cire takalmansa a ƙasan bene ya hau da su a hannu. Ƙofar ɗakin zane a sakaye take, ya tsaya ya leƙa ta tsagar. Baba yana zaune, hancinsa ya kusa taɓa allo, a hannun hagunsa akwai gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Tsanaki ya gane shi, na marigayi mahaifinsa ne, shi da kansa ya ba tsohon kyauta bayan rasuwar. Hannun dama yana lalube a kan maɓallai. A kan uku daga cikinsu an ɗiga kakin kyandir, don yatsa ya gane su ba sai an gani ba. Tsohon ya danna na farko, taswira ta buɗe. Ya danna na biyu, ta adanu. Ya danna na uku, ta rufe. Leɓɓansa suna motsi, yana ƙirge. Bai dubi ko ɗaya daga cikin taswirorin ba, domin ba ya ganinsu. Da ya kai inda yake so, ya kankare kakin da farce, ya zuba a aljihu, ya jefa gilashin can ƙuryar aljihun tebur, ya gyara zama kamar wanda yanzu ya iso.

Tsanaki ya sauka a hankali, ya sa takalmansa, ya zaga bayan gini ya jingina da bango. Yanzu komai ya fito fili. Ya tuna cewa tun bara sababbin zane-zane shi Baba yake turo wa, wai ya koyi hannu. Ya tuna dafa bango. Ya gane kuma yadda iyakar gabas ta tafi: wata safiya yatsa ya zame ya taɓa abin da bai kamata ba, sa'an nan ya danna adanawa, mai yatsan bai sani ba. Mutumin da ya taɓa dukansa saboda lasar yatsa shi ne yake ɗiga kaki a kan kayan aiki don kada a ce kujerarsa ta zama ta banza.

Da yamma ya koma gida ya tarar da Auta tana guga a tsakar gida. Ya zauna a kan benci ya daɗe yana kallon hannunta, sa'an nan ya tambaye ta, kamar abin bai dame shi ba, ko ta lura da idon Baba kwanan nan. Ta ajiye dutsen gugar da ƙarfi. Ta ce idon Baba lafiyarsa lau, ya fi na wasu masu tabarau da suka bar faifai ya cika a ƙarƙashin ƙafarsu wata da watanni ba su gani ba. Ashe labarin ya riga shi zuwa gida.

"In ka rasa wanda za ka ɗora wa, maigida, ka nemi wani. Ubana ba bango ba ne da za ka jingina kayanka."

Ya ce ba haka yake nufi ba. Ta ce ta san abin da yake nufi, shekara ashirin da huɗu tana jin yadda yake fara magana daga nesa. Hannunsa yana kan aljihun gaba. Ya sauke shi, ya tashi ya shiga ɗaki.

Bai kamata a ɗauka cewa ya shiga ɗakin Yallaɓai ranar Juma'a da niyyar sadaukar da kansa ba. Lissafi ya yi, irin na mai tsanaki, kuma lissafin ya karkace. Ya auna cewa idan ya miƙa takardar, tsohon zai sauka daga bene a gaban kowa a matsayin makaho mai yaudara, kuma ba zai daɗe a duniya bayan haka ba. Idan kuwa ya ce shi ne, shekara ashirin da tara yana wurin, babu wanda ya san na'urorin kamarsa. Za a yi masa faɗa, a ci fuskarsa, a bar shi. Da wannan tunani ya tsaya gaban teburin ya ce ya gano mutumin. Ya ce umarnin da ya rubuta yana da rauni, kuma ya yi sakaci bai duba faifan ba. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa muryarsa ba ta yi rawa ba.

Yallaɓai ya tambaye shi layin gabas fa, wa ya share? Ya ce mai yiwuwa wajen gyare-gyarensa ne. Yallaɓai ya jinjina kai kamar wanda aka sauke wa kaya, ya ce ya ji daɗi da bai wahalar da shi ba. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi mabuɗi.

"Yallaɓai, shekara ashirin da tara."

"Na sani. Da ka yi ashirin da takwas ka tsaya, da yanzu muna da taswira."

Ya ce kada ya sake taɓa wata na'ura a ofishin. Tsanaki ya roƙi rabin awa ya tattara kayansa ya share wasiƙunsa na kansa. Yallaɓai ya dubi agogo ya ce rabin awa.

Kayan nasa ba su cika kwali ɗaya ba: littattafai uku, kofi, ƙaramin sukudireba, tabarau na biyu. Sakatariya ta juya fuskarta ga taga tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. A bakin bene Baba Mai Zane yana tsaye, ya riƙe ƙarfen dafawa. Tsanaki ya ajiye kwalin ya rusuna. Tsohon ya dubi wajen da yake jin numfashinsa, ɗan gefe kaɗan da inda fuskarsa take.

"Da hannuna na hawo da kai benen nan. Ubanka bai taɓa mayar wa mutum agogo da ƙusa ɗaya a kwance ba. Kai kuwa ka zubar mini da mutunci a gaban yaron da aka haifa a gabana."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin me? Ɗauki kayanka."

Ranar Litinin injiniya ya zo da jaka mai ƙafafu da turare mai ƙarfi. Ya ce faifan ne ya tsufa, ya kawo sabo mai kwalliyar fitila shuɗiya, ya sauya waya, ya kwafe umarnin da ya tarar bai karanta shi ba, ya ɗora a kai. Da ƙarfe biyar ajiya ta tashi ta gama cikin minti kaɗan. Washegari lambar ƙofofin taswirori ta nuna biyu, jibi uku. Yallaɓai ya kira ma'aikata ya nuna musu, ya ce abin da wani ya kasa a mako, masani ya yi a wuni. Labarin ya bi masu auna filaye na garin kaf, kuma duk inda Tsanaki ya kai takardar neman aiki, ya tarar ya riga shi isa.

Ya koma inda ya fara. Ya sami wani lungu kusa da kotu, ƙarƙashin rumfar kwano, ya kafa tebur da tsohuwar kwamfuta yana buga wa mutane takardun koke da na rantsuwa. Yana karanta kowace sau biyu kafin ya miƙa, masu sauri suna tsaki. Wata rana ɗaya daga cikin masu gonar nan ya zo bugun takarda, bai san shi ba, ya zauna yana ba shi labarin yadda wani sakarai a ofishin awo ya sa suka rasa kashi ɗaya cikin uku na gonar ubansu. Tsanaki ya buga masa takardar, ya gyara masa kuskure biyu a ciki.

A gida ba a sake tayar da maganar ba, amma ba ta kwanta ba. Auta ba ta rage masa komai na hidima, sai dai ta daina tambayarsa ra'ayi. Idan 'ya'yansu suka yi ganganci, takan ce su dai yi hankali, abin a jini yake. Baba Mai Zane ya ƙara shekara biyu a ofis. Jerinsa na Juma'a bai taɓa gajarta ba. Da ya ajiye aiki don kansa, Yallaɓai ya tara mutane, aka yi jawabai, aka ba shi allon yabo mai rubutun zinariya, wanda aka rataye a ɗakinsa inda ba ya iya karanta shi. Ba a gayyaci Tsanaki ba, amma shi ya buga ƙusar da aka rataye allon.

Daga baya ganin ya tafi gaba ɗaya, iyali suka ce tsufa ne ya zo farat ɗaya. Tsohon ya dawo gidan autarsa da zama. Shekara huɗu Tsanaki yana riƙe hannunsa zuwa banɗaki da dawowa, yana yanke masa farce, yana sauraronsa yana gaya wa masu zuwa gaisuwa cewa surukin nasa mutumin kirki ne, sai dai ba a ba shi amanar abu mai muhimmanci. Bayan rasuwar tsohon, suna kwashe kayan ɗakin, Auta ta tsinci gilashin ƙara girman a cikin wata safa. Ta zauna a bakin gado tana juya shi, ta ce ita fa ta san idon ya fara tafiya tun kafin abin ofis ɗin nan. Ita take saya masa maganin ɗigawa a ɓoye, ya sa ta yi rantsuwa ba za ta faɗa ba. Ta ce ta gode Allah da ya rufa masa asiri har ya gama aikinsa da mutunci. Ta ɗago ta dubi mijinta, ta ce ya yafe mata tsawar da ta yi masa ranar da ya tambaya.

Ya ce babu komai. Takardar nan mai ninki huɗu tana cikin akwatin sukudirebansa a lokacin, taku biyar daga inda take zaune. Ya dube ta, ya ga ba ta haɗa wannan da wancan ba, kuma ba za ta haɗa ba sai an haɗa mata. Ya karɓi gilashin ya goge shi da gefen rigarsa.

Tsanaki ya rasu a watan Nuwamba na shekarar 2023, bayan gajeriyar jinya. Masu rumfunan kusa da kotu sun ce ba su taɓa ganin mai buga takarda irinsa ba, ba su kuma taɓa ganinsa yana dariya har haƙora su fito ba. Babban ɗansa ya tarar da wata takarda a cikin akwatin kayan aiki, jerin sunayen fayiloli da lokuta, tawadar ta koɗe. Ya nuna wa mahaifiyarsa, ta ce tarkacen ofis ne, aka haɗa da sauran aka zubar.

A ofishin masu awo har yau ajiyar tana tashi da ƙarfe biyar, kuma ana kiranta aikin injiniya. Rabin awar da Tsanaki ya roƙa ranar Juma'ar nan, minti biyar ya ɗauka wajen tattara kaya. Sauran ya zauna ne ya buɗe umarnin, ya sauya layi ɗaya: na'ura ta daina duba lokacin da aka taɓa fayil, ta riƙa duba abin da ke cikinsa. Ya yi haka ne don tsohon ya ci gaba da danna maɓallansa uku kowace safiya ba tare da faifai ya sake cika ba, kuma in yatsa ya sake zamewa, a tarar da ta jiya tana nan. Ya karanta layin sau biyu, yana bi da yatsa, sa'an nan ya adana. Gyaran da aka kafa hujja da shi cewa bai iya aiki ba, nasa ne, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.